CIWON DAJI BIYU A MAHAIFA ƊAYA: AIKI BA YA ƘAREWA A ƊAKIN TIYATA

Wannan shi ne cikakken jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiyarmu ya gabatar a babban taron 'yan ƙungiya, maza da mata, a garin Suleja. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Muna godiya da aka ba mu wannan dama. Kafin mu shiga magana muna roƙon gafara a wurin iyayenmu, domin abin da za mu taɓo yau magana ce ta cikin ɗaki, irin wadda ba a saba yi gaban suruki ba. To, amma ciwo bai san kunya ba, kuma mun ga kunyar nan tana ci mana mutane. Saboda haka a yi mana aikin gafara, za mu kira komai da sunansa, cikin ladabi.

Maganarmu a kan ciwon daji ce, watau sankara, wanda ke kama mahaifa. A cikinsa ma mun zaɓi wani ɓangare da ba kasafai ake jin labarinsa ba, shi ne inda za a buɗe mace a tarar ciwon dajin iri biyu ne a wuri ɗaya. Wani zai ce, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, me ya kai mu ɓata lokacin taro a kansa? Dalili shi ne, babu wanda ke iya gane shi da ido, ko da babban likita ne. Hanyar gane shi ɗaya ce, kuma hanyar nan ce jama'armu suka fi sakaci da ita. In muka gyara wannan, mun gyara wa duk matar da za a yi wa aikin mahaifa, ko nata ciwon mai wuyar samu ne ko na yau da kullum.

MAHAIFA BA ABU ƊAYA BA CE

Mu ɗauki mahaifa kamar tulu da aka kife. Tana da baki, tana da shimfiɗa ta ciki, tana kuma da bango na tsoka. A gefenta dama da hagu akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan yana da irin nasa ciwon dajin, kuma sanadinsu dabam, maganinsu dabam.

Na bakin mahaifa shi ne wanda muka fi sani, shi ne kuma a cikinsu ya fi kashe matanmu. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da shi a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo shi, kuma tana da rigakafi. Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kyauta a watan Oktoba na 2023, aka iso Jihar Neja a zagaye na biyu cikin 2024.

Na shimfiɗar ciki kuwa ya fi kama matan da suka daina al'ada. A shekarar 2022 an sami mata wajen 420,000 da suka kamu da shi a duniya. Ƙiba, ciwon sukari, rashin haihuwa da jinkirin ɗaukewar al'ada duk suna ƙara haɗarinsa. Haka kuma maganin nan tamoksifen da ake ba masu dajin nono. Yana da amfani ƙwarai, kada mai shan sa ta daina da kanta, amma in ta ga jini ta gaya wa likitanta. A lura da kyau: allurar HPV ba ta hana wannan, kuma gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata ba shi ne ke gano shi ba.

Na uku shi ne na bangon tsoka da jijiyoyin da ke riƙe da shimfiɗar. Likitoci suna kiransa sakoma. Bai kai 10 cikin 100 na dajin mahaifa ba, amma mugu ne, domin yakan yi shigar burtu, ya zo da kamannin ƙarin nan na faibiroid da ya yi yawa a cikin matanmu. Faibiroid shi kansa ba daji ba ne, kada kowa ya tashi daga nan da fargaba. Sai dai a cikin ɗaruruwan matan da aka yi wa aiki da sunan faibiroid, akan sami ɗaya wadda nata sakoma ne, kuma hoton ciki ba ya iya rarrabe su da tabbaci.

YADDA BIYU KE HAƊUWA

To, ta yaya iri biyu ke haɗuwa a jikin mace ɗaya? Hanya uku ce.

Ta farko, ƙari ɗaya ne amma mai fuska biyu. In aka sa shi a madubin likita sai a ga rabi irin na shimfiɗa, rabi irin na tsoka. Sunansa kasinosakoma. Bai wuce kamar 5 cikin 100 na dajin mahaifa ba, ya fi kama tsofaffi, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna ya fi yawa a cikin baƙaƙen mata bisa ga farare. Yana da saurin yaɗuwa, shi ya sa ko an kama shi da wuri, galibi ba a tsayawa a tiyata kaɗai.

Ta biyu, ƙari biyu ne dabam-dabam, kowanne ya tsiro a nasa wuri, suka girma har suka yi karo. Alal misali a sami na shimfiɗa a sama, sakoma a cikin bango, ko kuwa na baki da na ciki lokaci guda. Wannan yana da wuyar samu ainun, har in likitoci suka ci karo da shi sukan rubuta labarinsa a mujallunsu domin na baya su ƙaru.

Ta uku, a sami ɗaya a cikin mahaifa, ɗaya a ma'ajiyar ƙwai. Kamar 5 cikin 100 na masu dajin shimfiɗa akan tarar da shi, kuma sau da yawa matan ba su tsufa ba. Abin mamaki a nan shi ne, in duka biyun masu sanyin hali ne kuma ba su fita waje ba, matar takan warke fiye da yadda mai ji zai zata. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta ware wa irin wannan matsayi na musamman a cikin mataki na farko a tsarin da ta fitar a 2023.

Kun ga ke nan, jin cewa "biyu ne" ba hukuncin kisa ba ne. Wani biyun ya fi wani ɗayan sauƙi. Abin da ke yanke magana shi ne sunan kowanne, da halinsa, da inda ya kai. Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce, a tsara magani bisa wanda ya fi muni a cikinsu, a kuma sa ido bisa wanda ya fi daɗewa kafin ya dawo. To, in ba a san akwai na biyu ba fa? Sai a yi maganin ƙaramin, a bar babban yana ta ɓarna a ɓoye.

JINI BAYAN ƊAUKEWAR AL'ADA

Alamar da ta fi kowace muhimmanci ita ce jini. Duk matar da al'adarta ta ɗauke shekara guda cur, sa'an nan ta ga jini, ko ɗigo ne, ko sau ɗaya ne, ko ruwa-ruwa mai launin wankin nama, to ta je asibiti. Kusan 9 cikin 10 na masu dajin shimfiɗa da wannan alamar ciwon ya fara. A ɗaya gefen kuma, cikin mata 10 masu irin wannan jini, kamar ɗaya ce kawai za a tarar daji ne. Watau akasari za a duba ki a ce ba komai, ki koma gida da kwanciyar hankali. In kuwa ke ce ɗayar, kin zo a lokacin da magani ke ci. A ƙasashen da ake ajiye ƙididdiga sosai, matan da aka kama nasu yana cikin mahaifa bai fita ba, kusan 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 5.

Mun sani sarai, tsohuwa in ta ga jini, wurin malam take fara aikawa, ta ji ko za ta yi salla ko ba za ta yi ba. Wannan daidai ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba jinin haila da jinin ciwo, wanda suke kira istihala. Roƙonmu ga malamanmu, Allah ya gafarta muku, da malamai mata na makarantun Islamiyya, shi ne bayan kun ba da hukuncin salla ku ƙara kalma ɗaya: tun da jinin ciwo ne, je ki a duba ciwon. Maganarku ɗaya ta fi tamu goma shiga kunne.

Sauran alamun su ne: jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan saduwa, ruwa mai wari, ciwon mara da ba ya tafiya, ko ƙarin da ke ci gaba da girma bayan mace ta daina al'ada, alhali kuwa faibiroid na gaskiya motsewa yake yi a wannan lokaci. A asibiti za a yi hoton ciki, sa'an nan a ɗebi 'yar tsoka daga shimfiɗar a kai gwaji. Aiki ne na 'yan mintoci.

A nan ne za mu taɓo wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fusata. Jama'a, abin da ya haifi wannan magana shi ne, ba a kai majinyaci asibiti sai an gama zagaya masu magani, an sha saiwa, an yi turare, wata takwas ko shekara, ciwo ya riga ya ci jiki. In ya rasu bayan an yi aiki sai a ɗora wa wuƙar likita. Jinkirin ne ya kashe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma kada a ce ciwon talaka ne ko jifa. Hajiya Maryam Babangida, wadda kabarinta ke Minna, dajin ma'ajiyar ƙwai ne ajalinta, ta rasu a Amurka ranar 27 ga Disamba, 2009. Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar NAFDAC, masaniyar magunguna ce, ta rasu a Indiya ranar 7 ga Yuni, 2014, da dajin mahaifa. Ciwon nan ba ya duba gida.

ABIN DA AKA CIRE, INA AKA KAI SHI?

Yanzu mun iso zuciyar jawabinmu, muna roƙon magidanta su saurara da kyau, domin galibi a hannunku abin yake.

An yi wa mace aiki. An fito da abin da aka cire a cikin roba ko kwano, an nuna wa miji da dangi a bakin ɗakin tiyata. Kowa ya riƙe baki, a yi hamdala, wani ma ya ɗauki hoto da waya. Sa'an nan a ce ga shi, a kai ɗakin gwaji, kuɗinsa kaza. Maigida ya duba aljihu, ya riga ya biya kuɗin aiki da na jini da na gado, sai ya ce ai tun da an cire, an gama. A naɗe abin a kai gida a binne. Mun sha ganin haka, kuma ba mugunta ke sa shi ba. Rashin kuɗi ne da rashin sani, da kuma girmama jikin ɗan Adam da muka tashi da shi.

To, amma abin da aka binne ɗin nan, shi kaɗai ne shaidar da za ta faɗi sunan ciwon. Akwai likita na musamman wanda aikinsa ke nan: ya yanka tsokar sala-sala, ya rina ta, ya duba a madubi, daga wurare da yawa na mahaifar. Shi ne zai ce faibiroid ne kurum, ku kwantar da hankali. Ko ya ce daji ne, iri kaza, ya ci bango zuwa wuri kaza. Ko ya ce iri biyu ne. In aka binne, an binne amsar. Bayan shekara biyu mace ta dawo da kumburin ciki ko tari, likita ya tambaya me aka cire, a ce wani ƙari ne babba. Da me zai yi aiki?

Saboda haka ga abin da muke so kowa ya riƙe. Tun kafin a shiga tiyata a tambayi likita, ina za a kai abin da za a cire, nawa ne kuɗin, a haɗa shi cikin lissafi tun farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tabbata an sa shi cikin ruwan magani mai suna fomalin, wanda ya rufe shi ruf, ba ruwan famfo ba, ba kuma a sa shi a firji ya daskare ba. A kai shi gaba ɗaya wuri ɗaya, kada a raba. A rubuta sunan mai shi a jikin robar. A koma a karɓi sakamako, domin akwai takardun sakamako da yawa da ke kwance a ɗakunan gwaji ba wanda ya zo karɓa. Wanda yake son ya binne abin da ya rage, ya gaya wa ma'aikatan tun farko, ya ji yadda tsarinsu yake. Har ila yau, ɗakin gwaji yakan adana gutsuren tsokar cikin ɗan curin kaki. In ana shakka, ana iya neman wannan curin a kai wa wani masanin ya sake dubawa, ko a yi masa ƙarin gwaji, ko bayan shekaru.

MAGANI DA INDA AKE SAMUN SA

Tushen magani shi ne tiyata: a cire mahaifa da bakinta da ma'ajiyar ƙwai, wani lokaci har da kaluluwar da ke kewaye. Daga nan sakamakon gwaji ne zai nuna ko a tsaya ko a ƙara. Wata za a ƙara mata da allurar kemo, galibi sau 6, mako uku-uku. Wata za a yi mata gashi da na'ura, ta waje ko ta ciki. Wata kuma ƙwayoyi za a ba ta masu danne sinadarin mata da ciwon ke ci da shi, ta yi ta sha shekara da shekaru.

Mu mutanen Suleja Allah ya ajiye mu kusa da taimako. Daga babban asibitin garin nan ana iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999 kuma yake da sashen gashi. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, su ma sun daɗe da sashen masu ciwon daji. A Minna, Dokta Amina Abubakar Bello, likitar mata, ta kafa gidauniyar Raise domin gwajin dajin nono da na bakin mahaifa. Sai dai na'urorin gashi a ƙasar nan ba su da yawa, akan yi layi. In an ba ku rana, ku riƙe ta da hannu biyu.

TSUGUNE BA TA ƘARE BA

Ranar da aka sallami mace daga asibiti, ranar ce sabon aiki ya fara. Dajin shimfiɗa in zai dawo, ya fi dawowa cikin shekara 3 na farko. Shi ya sa ake cewa a riƙa zuwa ganin likita duk wata 3 zuwa 6 a shekaru biyu ko uku na farko, daga nan duk wata 6 ko shekara. Amma akwai wani irin sakoma mai sanyin tafiya, wanda ke fitowa daga jijiyoyin shimfiɗa. Shi yana iya yin lamo shekara 10, har 20, sa'an nan ya ɓullo a mara ko a huhu. Mai irin wannan, ita da asibiti mutu-ka-raba. Kuma abin farin ciki, ko ya dawo sau da yawa yana jin magani, a sake aiki ko a ba ta ƙwayoyin nan, ta ci gaba da rayuwarta. Kun ga amfanin sanin suna: mace biyu, aiki iri ɗaya, tabo iri ɗaya, amma ɗaya za a sake ta bayan shekara 5, ɗaya kuwa har tsufa.

Akwai wani labari daga tarihin likitanci da ya dace da nan. A 1956, a Amurka, wani likita ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Min Chiu Li ya yi amfani da maganin metotireksat ya warkar da wani irin dajin mahaifa da ke biyo bayan lalataccen ciki. Ƙarin ya ɓace, hoto bai nuna komai ba, amma gwaji ya nuna da saura, sai ya ƙi daina ba da magani har sai da gwajin ya nuna ba saura. A lokacin an ga ya wuce gona da iri, har ya rasa aikinsa. Daga baya aka gane shi ke da gaskiya, domin waɗanda aka tsayar wa magani da wuri ciwonsu ya dawo, aka kuma ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972. Jin sauƙi dabam, warkewa dabam.

Tsakanin ranakun asibiti, ga abin da mace da masu zama da ita za su lura da shi: jini ko ruwa ta gaba, ciwon mara ko na baya da ya ƙi tafiya, kumburin ciki, kumburin ƙafa ɗaya, rama ba dalili, canji wajen fitsari ko bayan gida, da tarin da ya wuce mako uku. A kula da tarin nan, domin sakoma huhu yake fara nema, kuma sau da yawa sai a ɗauka tarin fuka ne. Duk likitan da za ki gani, ko don zazzaɓi ne, gaya masa an taɓa yi miki aikin daji.

Akwai kuma wahalhalun da maganin kansa ke bari. Matar da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai tana da ƙuruciya, al'ada za ta ɗauke mata dare ɗaya: zafin jiki mai tasowa, gumin dare, saurin fushi, bushewar gaba, da raunin ƙashi a hankali. Duk suna da abin da ake yi musu, amma kada ta sayi maganin sinadarin mata a kemis, ko haɗin gyaran jiki da ba a san abin da ke ciki ba, domin wasu irin dajin da wannan sinadarin suke girma. Ta rage ƙiba, ta kula da sukari da hawan jini, ta riƙa motsa jiki.

Magidanta, wannan taku ce. Ciwon dajin mahaifa ba a ɗaukar sa ta kwano, ko ta shimfiɗa, ko ta wanki. Matar da aka cire wa mahaifa mace ce cikakkiya, kuma bayan kamar mako 6, in likita ya duba ya yarda, zaman aure yana komawa. Abin takaici ne a ce matar da ta haifa maka 'ya'ya, ta yi shekara 25 tana dafa maka tuwo, ranar da ta kwanta sai ka tura ta gidansu ka juya baya. Wadda mijinta ke raka ta asibiti ba ta cika fasa zuwa ba.

Dangi kuma, ku duba tarihin gidanku. Akwai wani gado na jini da ake kira ciwon Linc, da sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya yi bayaninsa a 1966. Kamar 3 cikin 100 na masu dajin shimfiɗa suna ɗauke da shi, kuma yana kawo dajin babban hanji ga maza da mata. In a gida ɗaya an sami uwa da dajin mahaifa, ɗan'uwanta da na hanji, musamman kafin shekara 50, a gaya wa likita, domin sauran 'yan gidan su san matakin ɗauka.

MU MASU GIDA BIYU

Akwai wata matsala da ta keɓanta da irinmu. Garin nan kansa mutanen da suka taso daga Zazzau ne suka kafa shi, zamanin Abu Ja a 1828, kuma har yau mai karɓar baƙi ne. Mu da muka zo daga baya, daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zamfara, har da Maraɗi, ƙafarmu ɗaya tana nan, ɗaya tana gida. Da an yi wa mace aiki sai a ce a kai ta gida ta yi jinya wurin danginta. Ba laifi. Amma fayil ɗinta yana Gwagwalada ko Abuja, ita tana ƙauye, katin asibiti yana cikin akwatin miji a Madalla ko Kwamba. Ranar komawa ta zo ta wuce. Haka zaren ke tsinkewa.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Takardu uku ne ba a rabuwa da su: takardar bayanin aikin da aka yi, takardar sakamakon gwajin tsoka, da takardar kemo ko gashin da aka yi. A yi musu kwafi uku, ɗaya wurin matar, ɗaya wurin miji, ɗaya wurin ɗa ko 'yar da ta yi karatu, a kuma ɗauki hotonsu a waya. A adana su kamar takardar fili. In za a koma gida da daɗewa, a nemi likita ya rubuta wasiƙar miƙawa zuwa asibiti mafi kusa, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Sakkwato.

SHAWARWARINMU GA ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna gabatar wa shugabanni da shawarwari huɗu:

1. A ware wani kaso daga asusun taimakon juna domin biyan kuɗin gwajin tsoka ga duk 'yar ƙungiya ko matar ɗan ƙungiya da aka yi wa aikin mahaifa. Kuɗin bai kai abin da muke kashewa a zaman makoki ba.

2. Reshen mata ya zaɓi dattijuwa ɗaya mai riƙon asiri a kowace unguwa, wadda za ta riƙa tuna wa majinyata ranar asibiti, ta raka wadda ba ta da mai rakiya.

3. 'Yan'uwanmu direbobi da ke bin hanyar Gwagwalada, Abuja da Zariya su taimaka da kujera ɗaya ga majinyaciyar da ta zo da takardar ƙungiya.

4. Matasanmu su rubuta sunayen masu iya ba da jini, iyaye kuma su kai 'ya'yansu mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV, domin a rufe ƙofar da ake iya rufewa.

Jama'a, mun san rai da ajali a hannun Allah suke, amma shi ne ya hore mana hankali da magani. Kowa in ya koma gida yau, ya tuna ko akwai wata tasa da aka yi wa aiki, ya tambaye ta cikin hikima: ina takardar gwajinki, yaushe za ki koma? In babu takarda, gobe a je asibitin da aka yi aikin a bincika.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ja zamanin Sarkin Zazzau Suleja, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya.